Shawara ga uwa mai shayarwa da za ta koma aiki

'Yan'uwa mata masu aiki, kada ku bari sai hutun haihuwa ya ƙare sannan ku fara tatsar nono. Ku fara tun saura mako biyu, domin jariri ya saba karɓa daga hannun mai rainonsa, kuma a ganina mahaifinsa ya fi cancanta ya fara gwadawa. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mara zafi, kwana 4 a firij, saboda haka a rubuta kwanan wata a jikin mazubin. Ku nemi shugabanku ya ware muku lokacin tatsa, domin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tanadi hakan, kodayake ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba.