Kafin ku sayi tsohuwar tukunya, ku juya gindinta

Jama'a, masu sayen tsofaffin tukwane a hannun dillalai, ga 'yar shawara. Kada ku tsaya kan zanen jiki, ku kifa ta ku duba gindi. Tukunyar da ta sha shekaru gindinta kan yi sumul saboda gogar ƙasa. Wadda aka shafa wa toka ko baƙin tukunya don ta yi kama da tsohuwa, da jiƙaƙƙen tsumma za ku gane ta.

Sannan ku ƙwanƙwasa ta da yatsa. Irin ginin matan Gwari, da ake ɗora yumɓu zobe-zobe a gasa da itace da ciyawa a fili, ƙararta ba ta tashi sosai, kuma za ku ga baƙaƙen tabon wuta a jiki. In ta yi ƙara kamar ƙararrawa, tana da sheƙi kamar gilashi, to gashin tanderu mai tsananin zafi ne.

Irin wannan aka riƙa yi a makarantar tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, wadda Bature Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga can a 1954. Kayan makarantar suna da hatimin "Abuja" da ajami, nata kuma akan ga LK kusa da shi. Kunama, kifi da ƙadangare kam ta zana su, amma magina da yawa ma sun zana, don haka in babu hatimi ni ba na biyan kuɗin Ladi Kwali, ko dillali zai rantse.