In za ka fara tara tsofaffin kuɗin azurfa na Turai, karanta wannan tukuna

Ni abin ya faro min ne daga abin wuyan kakata a Tahoua, wani ƙaton kuɗin azurfa mai hoton mace da aka liƙa wa kunne aka zura zare. Ashe Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuɗin da fatake suka riƙa ketaro Sahara da shi, maƙeran fari kuma suna narkawa su yi zobba da awarwaro.

To ga inda mutane ke faɗawa: ka ga 1780 a jiki ka ce ka tsinci dami a kala. A'a ɗan'uwa, 1780 shekarar da ta rasu ce, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar yake ɗauke da ita, an buga a Viyana, an buga a Landan da Paris da Roma har da Bombay, saboda haka yawancin waɗanda za ka gani wajen masu sana'ar hannu na Wadata ko na Musée (gidan tarihi) a Yamai kuɗin azurfarsu kawai za ka biya, kar wani ya cika ka da labari. Mai shekara ƙasa da 1780 shi ne abin nema, tun 1741 aka fara buga su.

Ka sayi ƙaramin sikeli irin na masu zinariya, wannan dole ne. Na Mariya Tereza na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa 833 cikin 1000. Na Sifaniya mai riyal 8 wajen giram 27. Sa mayen ƙarfe, in ya kama to ajiye masa kayansa, amma rashin kamawa bai isa shaida ba don tagulla ma ba ta kamawa. Ɗora shi kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa a hankali, azurfa tana da amo mai tsawo, jabu kuwa ƙwas kawai za ka ji. Duba baki-bakin, a na Mariya Tereza akwai rubutu IUSTITIA ET CLEMENTIA.

Don Allah kar ka wanke, wallahi wannan ya fi ci min rai. Na ga wanda ya goge nasa da toka da lemun tsami wai ya yi ƙyalli, ya kankare darajar da hannunsa, baƙin nan da ke jiki masu saye suna son sa. Mai huji ko kunne farashinsa ƙasa yake, na kakata dai ba na sayarwa ba ne. Kowanne ka sa shi a ambulan ɗinsa daban, ka rubuta nauyi da inda ka saya.