Kunnen firam ɗin keke: kurakuran da na gaji da gani

A makon nan kaɗai kekuna uku aka turo mini rumfa a Dilimi, cikin Jos, duk da ciwo ɗaya: kunnen firam ya karkace, wani ya riga ni taɓawa, garin gyaran gira ya rasa ido. Kunne shi ne falefalen ƙarfen nan biyu masu tsaga a ƙarshen firam, inda aksul ɗin tayar baya yake zama. Maganata kan firam ɗin ƙarfe ce. In na alminiyam ne kada ka fara, tsagewa yake yi.

Guduma da wuta, su ne suka fi cin firam a garin nan, kuma ni ma sun ci ni. Ina yaron shago, wani dattijo mai ɗauko tumatir daga Farin Gada ya kawo tsohon Raleigh ɗinsa, ya faɗi da kaya kunnen dama ya shige ciki. Maigidana ya tafi masallaci, ni kuwa ina so a san na iya. Na buga, ya wuce. Na bugo shi baya, ya sake wucewa. Da na ga abin ya ƙi, na kai wa mai walda ya gasa mini shi har ya yi ja. Ashe kunnen da tagulla aka haɗa shi da bututun, wuta kuma ta sassauta haɗin. A ido lafiya lau. Kwana biyu bayan nan, a gangara, kunnen ya cire da dattijo a kai. Ya dawo yana ɗingishi, kwandon tumatir ya zama miya, ya ce, "Ɗana, me na yi maka?" Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe ni." Ya yafe, amma wata uku maigida yana cire kuɗin firam daga ɗan abin da yake ba ni.

To ku yaran yanzu, ku ji. Ƙarfe in ana kai shi ana dawo da shi taurarewa yake yi, ya yi gautsi, kamar yadda kuke karya waya da hannu. Ni abin da nake yi, na cire taya, na sa babbar shifta, sifanar nan da ake daidaita bakinta, ta kama kunnen gaba ɗaya, ba leɓen tsagar kawai ba, na matse ta sosai, sannan na ja a hankali, ƙarfen da sanyinsa. Yakan ɗan koma da kansa, don haka kaɗan nake zarcewa, na saki, na duba.

Dubawar ma ba da ido ba. Wannan "ai ya miƙe, Oga" ya ishe ni. Kunnuwan biyu dole su fuskanci juna daidai, in ba haka ba da ka ɗaure noti aksul ɗin ne zai lanƙwashe, boris ya ci kon, wato ƙarfen da yake birgima a kansa a jikin aksul, wata rana aksul ya karye a hawan tudu, ka ɗora laifi kan mai sayar da kaya. Tsofaffin aksul biyu nake ɗaurawa, ɗaya a kowane kunne, da noti da wasa, zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, ciki da waje. In bakunansu suka haɗu a tsakiya, shi ke nan. In suka saɓa, da su ɗin nake ja.

Ka auna tazarar tsakanin kunnuwan, ka ga ko ta dace da tayar da za ka sa. Tsofaffin kekuna sukan zo da milimita 120 ko 126, na tseren da suka biyo bayansu 130, masu faffaɗar tayar hawan dutse na wancan lokacin 135. Fok ɗin gaba yawanci 100 ne. Kada ka buɗe firam da gwiwa don taya ta shiga.

Wani lokacin kunnen ba shi da laifi, bayan firam ɗin ne ya goce gefe. Ɗaura zare daga kunne ɗaya, ka zagayo ta wuyan keke zuwa ɗayan, ka auna daga zaren zuwa bututun sirdi hagu da dama.

Kankare fenti ka duba ko ƙarfen ya tsage kafin ka ja kunnen. In ya tsage, aikin mai walda ne, ba naka ba.

Mariƙin giya kuma, ɗan ƙarfen da ke ƙasan kunnen dama inda ake ɗaura abin canja giya, in ya karkace, zaren murɗi na raminsa ɗaya ne da na yawancin aksul ɗin baya, milimita 10. Wata tayar baya nake murɗawa a ramin, na ja da ita har gefenta ya daidaita da na tayar da ke jikin keken, sama da ƙasa, gaba da baya.