Kurakuran masu neman sana'ar kakanni a takardun ƙidayar Sikotilan

Duk wanda ya zo mini da maganar asalin matarsa ko na 'ya'yansa ta ɓangaren Sikotilan, tun bai buɗe jaka ba na san inda ya yi tuntuɓe. Kurakuran ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Takardun kuwa suna nan: daga ƙidayar 1841, wadda ita ce ta farko da aka rubuta sunan kowa, har zuwa ta 1921 da aka saki a ƙarshen 2022, duk suna shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun ƙasar. Yadda ake karanta su ne matsalar.

Babban laifi shi ne dogara da kwafin da wani ya buga a kwamfuta, ba tare da an ga hoton ainihin shafin ba. Ku duba hannu nawa maganar ta bi kafin ta iso gare ku. Maigida ya cike takarda, ko ya faɗa da baki in bai iya rubutu ba. Malamin ƙidaya ya kwafe ta cikin littafinsa, yana gajarta kalmomi don hannunsa ya gaji. Akawu a ofis ya bi gurbin sana'a da alƙalami yana karta layi a kan duk wadda ya lissafa. Bayan shekara ɗari da ɗoriya wani ya zauna gaban kwamfuta yana lalubo abin da ke ƙarƙashin layin. Wannan na ƙarshen shi kuke ɗauka kamar yankan wuƙa.

Wannan ya ci mini kuɗi, shi ya sa nake zafi a kai. Wani kamfanin da ke sayar da irin waɗannan kwafi ya nuna mini wani mutum a ƙidayar 1861 a matsayin manomi mai gona. Na shiga neman gonar: rajistar harajin gidaje da filaye wadda ta fara a 1855, taswirori, takardun gado, ina biya ina buɗewa, babu gona babu dalilinta. Da na sayi hoton shafin sai ga Farm Serv. rubuce, layin akawu ya bi ta kan kalma ta biyu ya shafe rabinta. Baran gona ne, ko taki ɗaya bai mallaka ba. Alamar ma tana nan tun farko, domin daga 1851 ana neman mai gona ya faɗi eka nawa yake nomawa da ma'aikata nawa ya ɗauka. Manomin da babu eka a gaban sunansa abin tuhuma ne. Tun daga nan ba na rubuta sana'ar kowa a littafina sai na ga shafin da idona, kuma nakan karanta gida biyar na sama da biyar na ƙasa, don in saba da hannun malamin, in kuma ga abin da maƙwabta ke yi. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. To, su ci gaba da tsimi.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don wannan ba laifin wani kamfani ba ne, rashin tunani ne. Ƙidaya labarin dare ɗaya ce a cikin shekara goma, amma sai ka ga mutum ya ɗauki kalma ɗaya ya liƙa wa kakansa ita tun daga haihuwa har kabari. Haba malam! Kai sana'ar da kake yi yau ita kake yi shekara goma da suka wuce?

Ɗauki barorin gona. Samari marasa aure wata shida-shida ake ɗaukarsu a kasuwar ɗaukar ma'aikata, wa'adinsu ya cika a watan Mayu ko Nuwamba, su naɗe kayansu su koma wata gonar. Magidanta yawanci shekara guda. Ƙidaya kuwa daga 1851 zuwa 1911 a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu ake yin ta, wato saura 'yan makonni kowa ya tashi. Gonar da ka gan shi a ciki wataƙila bai sake kwana a cikinta ba bayan Mayu. Ni garuruwan da aka haifi 'ya'yansa nake bi, su ne sawunsa na gaskiya: wannan a gunduma kaza, mai bi masa a ta gaba, har ka ga ranar da iyalin suka faɗa Glasgow.

Haka masaƙan hannu, waɗanda ake gajarta musu da H.L.W. A 1841 sun cika Paisley da ƙauyukan yamma, amma injin ya riga ya fara cin kasuwarsu. In ka same shi masaƙi a 1841, lebura a 1851, sannan a 1861 an rubuta shi cikin masu karɓar taimakon gunduma, kada ka ce mutum uku ne, kada kuma ka zaɓi wadda ta fi daɗin faɗa. Mutum ɗaya ne sana'a ta mutu a hannunsa. Ta 1921 ma da nata tarkon: a Afrilu aka shirya yin ta, rikicin ma'aikata ya sa aka ɗaga zuwa 19 ga Yuni, lokacin an rufe ramukan kwal. Mahaƙin da aka rubuta ba ya aiki ba rago ba ne, duk garinsu haka suke. Ribar ita ce wannan ƙidayar ta nemi sunan wurin aikin mutum.

Sai maganar mata. Gurbin sana'ar matar aure in ka gan shi fayau, ba ya nufin zaman gida take. Matar masunci ita ke sa abinci a ƙugiya, ita ke ɗaukar kifi a kwando ta kai talla, amma sau da yawa ba a rubuta mata komai. A gonakin kudu maso gabas sharaɗin ɗaukar magidanci shi ne ya zo da macen da za ta yi aikin gona, matarsa ko 'yarsa ko wata da ya ɗauko. A Dundee ne kawai abin ya fito fili, inda mata suka fi maza yawa a masaƙun zaren buhu.

Sauran ƙanana ne. Kada ka fassara sunan sana'a da Turancin makaranta: writer lauya ne, flesher mahauci, wright kafinta, grieve mai kula da ma'aikatan gona, scholar kuma ɗan makaranta ne kawai. A 1841 duk wanda ya haura 15 ana rage shekarunsa zuwa biyar ta ƙasa, mai 34 ya koma 30, kuma ba a faɗin dangantakar mutanen gida. Littattafan wasu garuruwan yankin Fife na shekarar sun ɓata, kada ka wahalar da kanka. Kafin 1841 adadi kawai aka tara. An taɓa tambayata in nemo Clapperton, Baturen nan matafiyi ɗan garin Annan na Sikotilan, alhali ya rasu a Sakkwato tun 1827, kafin a fara rubuta sunaye. Ƙidayar 1931 tana kulle sai ta cika shekara ɗari, a 1941 kuwa ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi.

Akwai kuma masu kama mutumin da ba nasu ba. Al'adarsu ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, don haka ƙauye ɗaya sai ya tara John da James masu sunan gida ɗaya, shekaru kusan ɗaya, wani magini wani mai keken doki. Abin da ke raba mini gardama shi ne takardun aure da na mutuwa, waɗanda gwamnati ta fara yi a Janairun 1855. Suna ɗauke da sunan uba da sana'arsa, da sunan uwa na gidansu. Sai dai ka kula, ɗa mai ba da bayani yakan ɗaga darajar mahaifinsa da ya rasu, baran gona ya zama manomi. Don haka nakan jera kowace ƙidaya da kowace takarda a shafi ɗaya bisa shekara, in sa tambaya da fensir a gefen duk sana'ar da sau ɗaya tak ta bayyana.