Babi na Bakwai: Yadda Za Ka Sallami Mai Naci da Faransanci

Wannan babi na masu zuwa sarin kaya ne a Kwatano da Lome da Abijan. Ka sauka tasha ɗan kamasho ya maƙale maka, ko ke Hajiya kin shiga kasuwar Dantokpa ta Kwatano mai talla ya ƙi rabuwa da ke. A ɗauko littafi da fensir.

Darasi na 1

A fara da laushi. Rubuta: Non, merci. Ma'anarsa a'a, na gode. A baki "non mersi", amma n ɗin ƙarshe ta hanci yake bi. Kada ka ce merci shi kaɗai kana tsaye kana murmushi, zai ga alamar ciniki. Faɗi non ɗin, ƙafarka tana tafiya.

In ya biyo ka, ga jimlar da za ta fi yi maka aiki:

Laissez-moi tranquille.

Ma'anarta ƙyale ni in huta. A baki "lese mwa tarankil".

Ɗora yatsa kan kalmar farko. Haruffanta 7, amma gaɓa biyu kawai take fitarwa: le, se. Harafin z na ƙarshe rubuta shi ake yi, ba a furta shi. Zagaye shi da fensir don ka tuna. Yanzu faɗi: le-se. Sake faɗi. In "lesez" ya fito, ba komai, kowa da haka ya fara. Rufe z ɗin da yatsa ka sake: le-se.

Wasu kuma garin gudun z sai su haɗiye gaɓar gaba ɗaya, su ce "les mwa". Wannan ma Faransanci ne, amma yaro ko aboki ake ce wa haka. "Lese" shi ne na girmamawa, irin yadda muke ce wa babba "ku". Baƙo, ko da ya ishe ka, da "lese" za ka yi masa, don kada ya sami dalilin tsayawa musu. Gaɓa biyu: le-se. Madalla.

Moi kuwa "mwa" ne. A tranquille, qu sautin k yake bayarwa, ƙarshenta kuma "il", ba "iye" ba. Haɗa su: lese mwa tarankil. Sau 10, da murya a sake, fuska ba dariya. Wanda ya faɗa ƙasa-ƙasa yana sunkuyar da kai, roƙo ya yi.

Darasi na 2

Wanda bai ji ba, a ƙara masa:

Ça suffit. "Sa sufi", ya isa haka. Ba a furta t.

Allez-vous-en. "Ale vu zan", tafi ka ba ni wuri.

Ne me touchez pas. "Ne me tushe pa", kada ka taɓa ni. Mata, ku riƙe wannan da kyau.

Kun ga z ya dawo a allez da touchez? A-le. Tu-she. Haba jama'a, har yanzu akwai mai cewa "alez"? Shafi guda aka ci a kan wannan harafi. Duk wanda bai maimaita a gida ba, kada ya ce Faransanci ne da wuya. Sautin z da kuke ji a "vu zan" na s ɗin vous ne da ya jingina da kalmar gaba.

Darasi na 3

Au secours! "O sekur", a taimaka.

J'appelle la police. "Japel la polis", zan kira 'yan sanda.

Za ku ji samari suna cewa dégage, wato ɓace daga nan. Wulaƙanci ne, ku bar musu. Kada kuma a yi ihun au voleur, wato ɓarawo, a kan mai naci kawai, taron kasuwa ba ya tsayawa bincike.

Aikin gida: a kwafi jimlolin sau 5, a zagaye kowane z.