Yadda ake daidaita girman ƙwayoyin zinariya

Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ga hanyar haɗa ƙananan ƙwayoyin zinariya waɗanda ido ba ya gani, ta masanin kimiyya Turkevich ta 1951, wadda wani masani, Frens, ya inganta a 1973.

Da farko a wanke kwalba tas, a rufe ta. Ƙurar hunturun Maraɗi kaɗai tana iya ɓata aikin.

A tafasa mililita 50 na ruwan kulorid ɗin zinariya (sinadarin zinariya mai narkewa a ruwa, mai launin rawaya) mai kashi 0.01 cikin ɗari, ana juyawa.

Sai a zuba mililita 1 na ruwan sodiyam sitirat (gishirin sinadarin tsamin lemo) mai kashi 1 cikin ɗari, lokaci guda. A zuba ido nan: rawayan zai ɓace, ruwan ya yi duhu, sannan ya koma ja kamar zoɓo. Ƙwayoyin sun kai nanomita 16 kenan (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya).

In manya ake so, a rage sitirat zuwa rabi. Za su kai wajen nanomita 41, amma ba duka za su fito zagaye sumul ba.

A sauke, ya huce.