Darasi na 7: Idan mazaunin shokazoba ya tsage

Buɗe bonet ɗin tsohuwar Fijo 504 ka duba gefen inji, dama da hagu. Za ka ga wani tudun ƙarfe a saman kowace tayar gaba, da ƙusoshi a kansa. Wannan tudu shi ne mazaunin shokazoba, wato ƙarfen da ke rage girgizar mota. A 504 shokazoba da sifirin a haɗe suke, kuma kansu a nan yake ɗaure. Saboda haka nauyin gaban mota da duk wani bugu na ramin hanya, a wannan wuri suke sauka.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa motocin Fijo a 1975. Wadda ka saya yau ta sha damina da yawa. Laka takan maƙale a ƙarƙashin mazaunin, ta riƙe ruwa, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, alhali fenti na ta ƙyalli a waje. Ga lodi fiye da kima, ga hanyar burji. Wata rana sai ƙarfen ya tsage.

Alamar farko ita ce ƙara, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da ka faɗa rami. Daga baya mota ta riƙa ja gefe ɗaya, taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda. Idan ka ga haka, wanke wurin tas, ka haska tocila, ka caka sukuddireba a inda ka ga kumburin fenti. In ta shige, ƙarfen ya mutu.

Kafin a kunna wutar walda don gyara, a cire kan batir. A kawar da wayoyi da tiyon mai da bututun man birki da ke kusa, a ajiye bokitin yashi a gefe. A ɗaga mota da jak, a tokare ta da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Kada a yi amfani da bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Sai bakanike ya cire shokazoba da sifirin gaba ɗaya. Babban notin tsakiya na kan shokazoba kuwa, kada a kwance shi sai an matse sifirin da abin matse shi, don in ya ɓalle yana iya karya hannu.

Yanzu mun zo wurin da ake yawan kuskure: awo. Mai walda mai gaggawa zai ce, “Alhaji, bari in ɗinke maka shi yanzu-yanzu.” Ce masa ya dakata. Ƙarfen da ya tsage ya riga ya goce daga wurinsa, in aka ɗinke shi a haka, taya za ta zauna a karkace har abada. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar mazaunin hagu zuwa wata ƙusa da ke jikin mota ta dama. Ka sake aunawa daga mazaunin dama zuwa irin wannan ƙusa ta hagu. Lambobin biyu su zo daidai. In sun bambanta, fanal bita ya tura ko ya ja ƙarfen har su daidaita. Rubuta lambobin a takarda.

Idan tsaga ce kawai, a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari. Idan tsatsa ce, a yanke ruɓaɓɓen duka, a yanko faci mai kauri irin na asali. Faci a kan tsatsa asarar kuɗi ne, fila kuwa, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ba ta ɗaukar nauyi. A yi walda kaɗan-kaɗan, kamar santimita 2, a bari ya huce, a koma wani gefe, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa ƙarfe. Bayan an gama a sake awo, a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, a mayar da shokazoba, sannan a kai mota wurin saita tayoyi.

Aikin gida: sami mota da tef, ka yi awon nan guda biyu. Rubuta lambobin a littafinka, ka zo da su aji.